AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Yadda ake sake wa hoya tukunya, da jinyarta bayan dashe

A wannan fili muke bugo muku amsoshin da aka karanta a gidan rediyo, domin amfanin wanda shirin ya wuce shi, da kuma wanda ya ji amma yake son ya ajiye takarda ya riƙa dubawa. A wannan mako wasiƙu uku ne suka zo mana a kan shuka guda, don haka muka haɗa su wuri ɗaya.

TAMBAYA: Wasiƙar farko ta fito ne daga wani mai saurarenmu a Kaduna, wanda ke noma da damina, da rani kuma yana sayar da dashen mangwaro da gwaiba da furanni a bakin titi. Ya ce ya saro wata shuka mai yaɗo, mai kaurin ganye da sheƙi, wadda aka ce masa sunanta hoya, har tukunya 12. Da ya ga tukwanen ƙanana ne, sai ya juye su cikin manyan bokitai, ya cika da baƙar ƙasar fadama da takin shanu, yana ba su ruwa safe da yamma kamar yadda yake yi wa dashen tumatir. Yau mako uku ke nan, ganye duk ya yamutse, wani ya yi rawaya yana zuba, biyu daga ciki kuma sun riga sun mutu. Yana tambaya, me ya jawo haka, kuma ko akwai dabarar ceto sauran tun jarinsa bai narke ba?

AMSA: To Malam, mun gode da wasiƙa, Allah ya mayar maka da alheri. Amsar a taƙaice ita ce gata ne ya yi wa shukarka yawa. Babbar tukunya, da ƙasa mai nauyi, da ruwa sau biyu a rana, su ne suka taru suka toshe wa saiwarta numfashi har ta fara ruɓewa. Saboda haka tun kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa, ka ajiye butar ban ruwa tukuna. Sauran 10 ɗin kuwa, da yardar Allah ana iya ceto mafi yawansu, in ka hanzarta.

Wace irin shuka ce hoya?

Hoya baƙuwa ce a ƙasarmu. Asalinta dazuzzukan nahiyar Asiya ne masu zafi da laima, tun daga Indiya da kudancin ƙasar Sin, zuwa Tailan, Malesiya, Indunusiya da Filifin, har tsibirin Niyu Gini da ƙasar Ostareliya. Masana sun ƙididdige irinta fiye da 500. Wani masanin tsirrai ɗan Sikotlan mai suna Robert Brown ne ya raɗa mata wannan suna a shekarar 1810, domin karrama Thomas Hoy, mutumin da ya daɗe yana kula da lambun wani basaraken Ingila a gidan da ake kira Syon, kusa da birnin Landan. Turawa kan yi mata laƙabi da shukar kaki, saboda ganyenta da furenta na sheƙi kamar an shafe su da kakin zuma. Wadda aka fi gani a gidaje ita ce masana ke kira Hoya carnosa.

Ko da yake baƙuwa ce, danginta na nan birjik a gonakinmu, domin gidansu ɗaya da tumfafiya da yaɗiya da fataka. In ka dubi furen tumfafiya za ka ga kunnuwa biyar kamar tauraro, da ɗan kambi a tsakiya. To haka na hoya yake, sai dai nata ƙanana ne, suna fitowa a dunƙule kamar buɗaɗɗiyar laima, sukan yi ƙamshi da dare, har su riƙa ɗigo da ruwa mai zaƙi. 'Ya'yanta ma in sun nuna sukan fashe, iska ta kwashe iri mai gashi kamar auduga, daidai da yadda tumfafiya ke yi.

Amma a wajen zama sun sha bamban. Tumfafiya ƙasa take kafa saiwa, ta nutsa can ciki tana neman ruwa. Yawancin irin hoya kuwa a daji a kan bishiya suke zaune, ko a tsagar dutse. Kada ka ɗauka irin zaman kauci ne. Kauci huda reshe yake yi ya tsotse ruwan bishiyar, ita kuwa hoya aron wurin zama kawai take yi. Saiwarta na manne da ɓawon bishiya, tana cin ruɓaɓɓen ganye da ƙurar da suka taru a cikin rassa. In an yi ruwan sama ta jiƙe sharkaf, kafin wani lokaci ruwan ya tsiyaye, iska ta ratsa ta.

Daga wannan zama nata ne duk ƙa'idar renonta ta fito. Saiwarta kaɗan ce, siririya, ta saba da iska. Ganyenta mai kauri rumbun ruwa ne, shi ya sa takan jure kwanaki ba a shayar da ita ba. Hasken da ta saba da shi kuma shi ne wanda ke ratsowa ta cikin ganyen bishiya, ba rana tsaka ba.

Me ya faru a cikin bokitin?

Kai manomi ne, ka san yadda gero ko masara kan yi a gonar da ruwa ya kwanta. Ga shuka tsaye cikin ruwa, amma ganye ya yi rawaya, ta tsumbure. Dalili shi ne saiwa ma numfashi take yi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan ƙananan kafofi da iska ke zama. In ruwa ya cika su ya daɗe bai janye ba, sai saiwa ta shaƙe. Ƙwayoyin cuta masu son danshi, dangin funfuna, su kuma su samu ƙofa su shiga su ƙarasa ta.

Shukar da saiwarta ba ta fi cikin tafin hannu ba, in ka sa ta a bokiti, ba za ta iya shanye ruwan da ke cikin wannan tarin ƙasa ba. Saman ya bushe ka ga kamar ana bukatar ruwa, alhali can ciki taɓo ne. Ƙasar fadama laka ce mai riƙe ruwa, takin shanun da bai gama ruɓewa ba kuma yana da zafi da gishiri masu ƙona siraran saiwoyi.

Ga kuma inda mutane da yawa ke ruɗewa. Saiwar da ta mutu ba ta iya shan ruwa, saboda haka sai ganye ya yamutse tamkar na shukar da ke jin ƙishirwa. Mai shuka ya ga haka ya ƙara ruwa, ruɓa ta ƙara ci. To ka riƙe wannan da kyau: duk lokacin da ka ga ganyen hoya ya yi laushi ya tattare, ka tura yatsa cikin ƙasar kafin ka ɗauko buta. In ƙasa a bushe take, ƙishirwa ce, ka ba ta ruwa. In kuwa ƙasa a jiƙe take ga ganye a yamutse, to saiwa ce ta lalace, sai a tono a duba.

Yaushe ya kamata a sake mata tukunya?

Hoya ba ta ƙin matsi. Takan yi shekara 2 ko 3, wani lokaci fiye, a tukunya ɗaya cikin ƙoshin lafiya, kuma an lura ta fi saurin yin fure in saiwarta ta cika tukunya. Abubuwan da ke sa a taɓa ta su ne, in saiwa ta cunkushe har tana leƙowa ta ramukan gindi kuma ƙasar na bushewa cikin yini guda, ko ƙasar ta tsufa ta dunƙule ta zama taɓo tana warin tsami, ko farin gishiri ya taru a samanta, ko kuma irin halin da kake ciki, wato ruɓewar saiwa. Sabuwar shukar da ka sayo lafiya lau, ka bar ta a tukunyarta ta yi makonni ta saba da wurin. Wadda ta ɗauko fure ma a dakata mata, don in an taɓa ta furen kan zube.

Littattafan Turai kan ce a yi wannan aiki tsakanin watan Maris da Mayu, lokacin da sanyinsu ya wuce. Mu kuwa a arewa watan Maris da Afrilu su ne tsakiyar bazara, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a wurare irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri. Hunturu ma bai dace ba, domin iska a bushe take ƙayau, ga sanyin dare, hoya kuwa ba ta son sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10. Lokacin da ya fi dacewa da mu shi ne faɗuwar damina, wajen watan Yuni, sa'ad da iska ta yi laima, zafi ya sassauta. To amma wannan ga shuka mai lafiya ne. Wadda saiwarta ke ruɓewa ba a jira mata wata, yau ɗin nan ake fitar da ita.

Tukunya da haɗin ƙasa

Ga shuka mai lafiya, sabuwar tukunya kada faɗin bakinta ya wuce na tsohuwar da fiye da inci 1 zuwa 2, wato santimita 3 zuwa 5. Ga wadda aka yanke wa ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa, baya ake komawa, a nemi ƙaramar tukunyar da sauran saiwar za ta kusa cikawa. Kai Malam, in ba ka zubar da tukwanen da ka sayo su a ciki ba, ka wanke su da sabulu da ruwan zafi ka mayar da su ciki.

Dole ne tukunya ta kasance da ramuka a gindi, uku ko huɗu. Zuba tsakuwa a gindin tukunyar da ba ta da rami ba ya maganin komai, ruwan na nan kwance, sai ma ya ƙara matsowa kusa da saiwa. Tukunyar ƙasa irin ta maginanmu, wadda ba a shafa wa fenti ba, ta fi ta roba ga mai nauyin hannu wajen ban ruwa. Yadda randa ke tsatsar da ruwa ta jikinta har ya yi sanyi, haka tukunyar ƙasa ke fitar da danshin da ya yi yawa. Sai dai da hunturu da bazara tana saurin bushewa, sai an riƙa dubawa. Ta roba ko gwangwani ma na yi, in an huda da kyau.

Game da ƙasa, abin da ake nema shi ne haɗi mai garas-garas wanda ruwa ke wucewa nan take, ya bar danshi kawai. A manyan shagunan furanni ana sayar da ɓawon itace da aka tanada don haka, da wani farin dutse mara nauyi da ake kira falayit. Wanda bai samu ba kada ya damu, kayan na nan kusa da shi. Ka ɗauki gwangwani ɗaya ya zama ma'auninka, ka haɗa kamar haka:

Gwangwani 2 na ɓawon kwakwa, wato wannan mai zare-zare na waje, ko busasshen ɓawon bishiya, a yayyanka kamar girman ƙwayar gyaɗa. Ɓawon kwakwa a jiƙa shi kwana 2 ko 3 ana sauya ruwa, don gishirin jikinsa ya fita.

Gwangwani 1 na gawayi, a farfasa shi daidai wannan girma, a wanke tokar da ƙurar. Toka kanta kada ta shiga.

Gwangwani 1 na ƙananan tsakuwa, ko tsingaro, ko guntayen jan bulo. Yashi mai laushi ba ya yi, toshe kafofin yake yi.

Gwangwani 1 na ruɓaɓɓen ganye ko tsohon takin da ya shekara har ya koma baƙar ƙasa, ba wari ba zafi.

Inda ake noman shinkafa, buntun da aka babbake ya yi baƙi bai zama toka ba, yana iya maye gurbin rabin gawayin. Garin katako da ɗanyen kashin kaji kuwa a nisance su. In ka gama haɗawa ka yayyafa ruwa, ka damƙi cikin hannu ka matse, sa'an nan ka buɗe. In ya wargaje, ya yi. In ya tsaya a cure kamar fura, ƙara gawayi da tsakuwa. Ka tuna gara na son ɓawon itace, don haka kada ka ajiye tukunyar a kan ƙasa kai tsaye. Ɗora ta kan dutse ko benci, ko ka rataye ta, da ma shuka ce mai son lilo.

Yadda ake aikin

Ka zaɓi yamma ko sassafe, a cikin inuwa.

Na ɗaya, fitar da shukar. Kifa tukunyar a tafin hannunka, karan yana tsakanin yatsu, ka bubbuga gindin har ta zame. Kada ka ja ta ta kara. In saiwa ta manne da tukunyar ƙasa, gara a fasa tukunyar da a tsinke saiwar.

Na biyu, duba saiwar. Mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa-ƙasa, da ƙarfinta. Ka kama ɗaya ka ɗan ja a hankali. In ɓawonta ya saɓule ya bar wani siririn zare kamar gashi, ta mutu. Haka nan wadda ta yi baƙi ta yi laushi tana wari. In duk saiwar lafiya take, kada ka wargaza ta, ka karkaɗe ƙasar da ta saku da kanta kawai. In kuwa akwai ruɓa, ko an sa ta cikin laka kamar taka, sai a wanke ƙasar duka cikin kwano da ruwa mai tsabta, a hankali.

Na uku, yanke duk abin da ya mutu. Yi amfani da sabuwar reza, ko wuƙar da ka goge da sifirit ko ka gasa bakinta a wuta. In ruɓar ta hau kara, ka yi ta yankewa sama-sama har ka iske inda cikinsa yake fari ko kore, ba ɗigon baƙi. Ka goge rezar kafin ka koma kan wata shukar, don kada ka ɗauki cuta daga nan ka kai can. Wasu irin hoya na fitar da farin nono kamar na tumfafiya, wasu kuma ruwa garai. Bai kai na tumfafiya haɗari ba, amma yakan sa wasu ƙaiƙayi, don haka a kiyaye ido, a wanke hannu. Bayan yanka ka shimfiɗa shukar a inuwa kamar awa 1 ko 2 bakin ciwon ya kame.

Na huɗu, dasawa. Zuba ɗan haɗin mai danshi a gindin tukunya, ka zaunar da shukar daidai zurfin da take a da. Kada ka binne ganye, kada kuma ka nutsar da karan fiye da yadda yake. Cika gefe-gefe kana ɗan girgiza tukunyar haɗin ya zauna. Ba a dannewa da ƙarfi kamar dashen albasa, domin iskar da ake nema ce za ka matse. In shukar na rangaji, kafa mata tsinke ko zoben waya ka ɗaure ta sako-sako da tsumma. Saiwar da ke motsi kullum ba ta kamawa.

Na biyar, ruwan farko. Shukar da ba a yanke wa komai ba, ana iya shayar da ita a ranar. Wadda aka yi wa yanka kuwa danshin haɗin ya ishe ta, a bar ta kwana 2 zuwa 4 sa'an nan a ba ta ruwa.

Jinya bayan dashe

A nan ne aka fi bukatar haƙuri. Ajiye ta inda akwai haske sosai amma rana ba ta dukanta: ƙarƙashin rumfa, ko baranda, ko inuwar darbejiya, ko kusa da taga mai kallon gabas. Ɗaki mai duhu ba wurin jinya ba ne, ƙasa ba ta bushewa a can, shukar kuma ba ta samun ƙarfin yin sabuwar saiwa. In ka samu wurin da ya dace ka bar ta nan, kada yau tana nan gobe tana can. Da damina kuma a kare ta daga ruwan watan Agusta mai kwana yana zuba. A sa ta inda akuya ba za ta kai ba.

Ban ruwa ba shi da ranar da aka yanke. Tura yatsa har gaɓa biyu, ko ka soka busasshen tsinke har gindi ka zaro. In ya fito da danshi, dakata. In ya fito kusan a bushe, zuba ruwa sosai har ya fito ta ramukan gindi, ka bar shi ya tsiyaye, kada tukunya ta kwana cikin faranti mai ruwa. Sai dai fa kada jin an ce ruwa na kashe ta ya sa ka yi mata horon ƙishirwa. In haɗin ya bushe ƙurmus ya yi makonni a haka, siraran saiwoyin kan mutu, ranar da aka zo aka kwarara ruwa kuma su ruɓe. Ruwan sama ya fi kowane. In na rijiya ko na burtsatse kake amfani da shi kuma yana da gishiri-gishiri, ka riƙa yi wa tukunyar wanka da ruwa mai yawa sau ɗaya a wata.

In aikin ya kama dole cikin hunturu, ga dabara. Kafa tsinke uku ko huɗu a bakin tukunya, ka kifa farar leda mai shara-shara wadda ka ɗan huhhuda, yadda ba za ta taɓa ganye ba. Tana tsare laima, ganye ya rage asarar ruwa kafin saiwa ta fito. Ka riƙa buɗewa kullum na ɗan lokaci iska ta shiga. Shukar da ke cikin leda kada rana ta taɓa ta ko kaɗan, dafewa za ta yi. Da dare mai sanyi, musamman a wurare irin su Jos, a shigar da ita ɗaki.

Taki kuwa a manta da shi har mako 4 zuwa 6, ko har sai an ga sabon tsiro. Marar lafiya ba a fara masa da tuwo mai nauyi. In lokaci ya yi, rabin ƙaramin cokali na takin zamani NPK 15-15-15 a narka cikin lita 4 na ruwa, a zuba bayan an riga an jiƙa ƙasar, sau ɗaya a wata a lokacin da take girma. Kada a barbaɗa ƙwayar takin a gindinta kamar masara.

A makonnin farko kada ka firgita in ganye ɗaya ko biyu na ƙasa sun yi rawaya sun faɗi, ko shukar ta tsaya cik ba ta ƙaruwa. Aikin yana can ƙarƙashi. Kada kuma ka riƙa tono ta kana leƙen saiwa, kowane tono mayar da aiki baya ne. Alamar samun sauƙi ta farko ita ce ganyen da ya yi laushi ya sake yin tauri, in ka gwada naɗe shi ya ƙi. Daga nan sai ka ga ɗan jan tsiro. Wannan kan ɗauki wata 1 zuwa 3. Mai haƙuri dai shi kan dafa dutse.

Shukar da ta galabaita ita ƙwari suka fi damu. Ka riƙa duba bayan ganye da matsematsin gaɓoɓi, ko za ka ga wasu fararen ƙwari masu kama da ɓurɓushin auduga. Danginsu ɗaya da ƙwaron da ya yi wa rogo mummunar ɓarna a Afirka a shekarun 1970 da 1980. Tsotsar ruwan shuka suke yi. Ka jiƙa auduga da sifirit ka goge su, ko ka wanke ganyen da ruwan sabulu mara ƙarfi da ɗan man darbejiya, da yamma, duk mako har su ƙare. Wadda ta kamu a ware ta daga sauran.

In saiwar ta ƙare gaba ɗaya fa?

Ko a nan ma ba a yanke ƙauna ba, muddin akwai kara mai rai. Yadda kake yanka karan rogo ko yaɗon dankali ka dasa, haka hoya take. Yanko yaɗo mai lafiya mai gaɓa 2 ko 3, ka cire ganyen gaɓar ƙasa, ka bar na sama. Ka soka gaɓar ƙasan cikin ɗan ƙaramin gwangwani mai irin haɗin nan da danshi, ko cikin kwalbar ruwa mai tsabta da kake sauyawa duk bayan kwana biyu ko uku. Kada ka juya kan ƙasa. Cikin yanayi mai ɗumi saiwa kan fito a mako 3 zuwa 6. Wadda ke cikin ruwa, da zarar saiwarta ta kai kamar inci 1 ko 2 sai a mayar da ita tukunya. Ka ga ke nan Malam, shuka ɗaya da ta lalace tana iya ba ka dashe uku ko huɗu, wataƙila ma su cike maka gurbin biyun da ka rasa.

Sauran wasiƙu biyu

TAMBAYA: Wata mai saurarenmu daga Zariya ta ce tata hoyar ta warke bayan dashe, ta yi ganye kore shar, amma shekara biyu ke nan ba fure, duk da tana gyara ta tana aske dogayen siraran rassan da ba su da ganye.

AMSA: To Hajiya, a ajiye almakashin nan. Dogon siririn yaɗon da kike gani tsirara, hannu ne shukar ta miƙa tana neman abin kamawa, daga baya ganye ke biyo shi, kuma a jikin irinsa ne fure ke fitowa. Akwai kuma wani ɗan guntun tsiro mai kama da tsinken ashana mai dunƙulen kai, wanda ke rage bayan fure ya zube. Hoya kan sake yin fure a kan wannan tsiro shekara da shekaru, in kin yanke shi sai ta sake gina wani. Bayan haka ki ƙara mata haske, kamar ranar hantsi ta awa ɗaya ko biyu, ki bar ta a matsattsiyar tukunyarta. Wadda aka raina daga yanke ma takan yi shekara 2 ko 3 kafin furen fari.

TAMBAYA: Wani ɗan kasuwa daga Abuja ya ce ya sayi ganye guda mai siffar zuciya a 'yar ƙaramar tukunya, ya sake masa tukunya har sau biyu, wata takwas ke nan bai mutu ba bai kuma ƙaru ba.

AMSA: Malam, wannan ita ce Hoya kerrii, 'yar ƙasar Tailan da maƙwabtanta, wadda aka sa wa sunan wani likita mai tattara tsirrai, Arthur Kerr, a shekarar 1911. Ana sayar da ganyenta ɗaiɗai don kyauta. Ganyen kan yi saiwa ya rayu shekaru, amma idon da ke fitar da sabon reshe a gaɓar kara yake. In an tsinko ganyen ba tare da guntun kara mai gaɓa ba, yawanci haka zai zauna, ko tukunya nawa aka sake masa. In don sayarwa za ka saro, nemi mai kara da ganye biyu ko fiye, kuma ka gaya wa mai saye gaskiyar abin da yake saye.

Shawararmu ga duk masu wannan sana'a ita ce, in sabuwar shuka ta shigo hannunku, ku fara tambayar inda take zama a dajinsu kafin ku zaɓa mata ƙasa. Ku gwada da tukunya ɗaya ko biyu ku ga hali, kada a juye kaya duka rana ɗaya. In kuma kun sayar, ku ɗan yi wa mai saye bayanin ban ruwa, domin wanda shukarsa ta rayu shi ne zai dawo gobe har ya kawo wani.

Da fatan masu tambaya sun gamsu. Ku ci gaba da aiko mana da wasiƙunku, a rubuta tambaya ɗaya a takarda ɗaya, da rubutu mai kyau.